Yadda Kwamfuta Ke Tashi, da Fayilolin da Za Ka Duba Idan Ta Ƙi

A yawancin shagunan gyara, idan ka kai kwamfutar da ta ƙi tashi, magani ɗaya ne: a goge komai a sa sabon Windows. Ni ma an taɓa yi min haka da wata laftof 'yar gwanjo, na rasa rubuce-rubucen da na daɗe ina tarawa. Sai daga baya, da irin matsalar ta sake faruwa na zauna na bi ta a hankali, na gane layi ɗaya ne tak ya lalace a wani ƙaramin fayil. Gyaran bai kai minti biyar ba.

Tashin kwamfuta kamar hura wutar girki ne. Ashana ba ta iya kama gungume. Sai ta kama ciyawa, ciyawa ta kama ƙirare, ƙirare su kama itace. Haka ƙaramar manhajar da ke manne a cikin injin take tayar da wadda ta fi ta, ita ma ta tayar da ta gabanta, har a kai ga allon da kake sa kalmar sirri. Kowane mataki yana da wurin da yake karanta umarninsa. In ka san a inda wutar ta mutu, ka san fayil ɗin da za ka buɗe.

Zan yi misali da Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'ukan babbar manhajar Linux, domin a Linux komai a buɗe yake, rubutu ne da za ka iya karantawa da idonka. Abin da zan faɗa ya kuma shafi Debian da Linux Mint, waɗanda su ma nau'ukan Linux ne. Inda Fedora ta bambanta zan nuna, sannan a ƙarshe mu leƙa ɓangaren Windows.

Shiri kafin ka taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kwamfutar tana lafiya, ka tanadi filashi ɗaya da aka zuba wa Ubuntu yadda za a iya tashi da shi, ka gwada shi sau ɗaya ka tabbatar yana aiki, ka ajiye. Sannan duk fayil ɗin da za ka gyara, ka fara yin kwafinsa a taminal, wato tagar da ake rubuta umarni. Kalmar `sudo` a farkon umarni tana ba shi cikakken iko:

`sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho`

Kuma ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka sake kunna kwamfutar ka gani. Wanda ya sauya abu huɗu a zama ɗaya, idan ta ƙi tashi, bai san wanne ne mai laifin ba.

Mataki na farko: BIOS ce ko UEFI?

Da ka danna maɓallin kunnawa, abin da ya fara farkawa ba ya kan faifan ajiya. Yana cikin wani ɗan guntu da ke jikin injin. Shi ne yake duba ko ma'adanar wucin gadi da sauran kayan suna nan, sannan ya nemi wanda zai miƙa wa aiki. Tsohon salon shi ne BIOS, sabon kuma UEFI, kuma yadda suke neman magajinsu ya sha bamban.

BIOS ba ta san fayil ba, ba ta san folda ba. Abin da ta sani shi ne ta je farkon faifai ta kwaso bait 512 na farko, waɗanda ake kira MBR. A cikinsu 446 umarnin tayarwa ne, 64 jadawalin yankunan faifai ne, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa faifan na tashi ne. Saboda ƙanƙantar wurin nan ne ya sa MBR ba ta ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu, kuma ba ta iya sarrafa faifan da ya wuce kimanin terabait 2.

UEFI kuwa tana iya karanta fayil. Akwai ɗan ƙaramin yanki a faifai, mai tsarin FAT32, da aka keɓe mata. A Ubuntu za ka same shi a `/boot/efi`. Kowace babbar manhaja tana da foldarta a ciki: ta Ubuntu tana `EFI/ubuntu`, inda za ka ga `shimx64.efi` da `grubx64.efi`, ta Windows kuma tana `EFI/Microsoft/Boot`, inda `bootmgfw.efi` yake.

Don ka san wacce kake kai, buɗe taminal ka rubuta:

`ls /sys/firmware/efi`

Idan ya jero maka wasu sunaye, UEFI ce. Idan ya ce babu wannan folda, da salon BIOS ka tashi. Ka riƙe amsar, domin gyaran da za a yi nan gaba ya dogara da ita.

Mataki na biyu: jerin wanda za a fara kira

Wannan matakin ba shi da fayil a faifai. Jerin yana ajiye ne a cikin injin kansa. Ana shiga ta hanyar danna maɓalli da zarar an kunna: a HP, F10 na saiti ne, F9 na zaɓen abin da za a tashi da shi, a Dell, F2 da F12, a ThinkPad, F1 da F12. Daga cikin Linux kuma, in UEFI ce, umarnin `efibootmgr` zai nuna maka jerin, kowane suna da lambarsa, da wani layi mai suna `BootOrder`. Idan Ubuntu tana 0001, Windows tana 0000, kana so Ubuntu ta riga:

`sudo efibootmgr -o 0001,0000`

Ka duba lambobinka, kada ka kwafi nawa. Mutane da yawa da suke kukan Windows ta cinye musu Linux, babu abin da aka ci. Matsayi kawai aka ƙwace mata a wannan jerin.

Wani abu da ke yawan faruwa a tsofaffin kwamfutocin tebur: kullum ka kunna sai ka ga agogo ya koma wata tsohuwar shekara, saitin da ka yi jiya ya ɓace. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. A sauya shi kawai.

Mataki na uku: GRUB, inda mafi yawan aikin yake

GRUB shi ne baƙin allon nan mai jerin zaɓi da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi. Aikinsa ya nemo kanel, wato zuciyar Linux, ya ɗora ta, ya faɗa mata inda sauran kayanta suke. A kwamfutar da Ubuntu ce kaɗai a ciki, jerin a ɓoye yake. Don ya fito, ka danne Shift lokacin tashi in BIOS ce, ko ka ɗan taɓa Esc in UEFI ce.

A nan ne sababbin shiga suke yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Fayil ɗin da GRUB yake karantawa shi ne `/boot/grub/grub.cfg`, sai mutum ya buɗe shi ya gyara da hannu. Zai yi aiki yau, ya yi gobe. Ranar da sabuwar kanel ta sauka, za a sake rubuta fayil ɗin daga farko, gyaranka ya bi ruwa. A saman fayil ɗin ma an rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa. Shi tuwo ne da aka riga aka tuƙa. In kana so ɗanɗano ya sauya, gari za ka sauya. Garin kuwa yana wuri biyu: fayil ɗin `/etc/default/grub`, da foldar `/etc/grub.d`.

Buɗe na farkon da nano, manhajar gyara rubutu a taminal:

`sudo nano /etc/default/grub`

Layin `GRUB_TIMEOUT` shi ne yawan daƙiƙun da jerin zai jira ka. Ubuntu tana zuwa da 0. Mayar da shi 5 ko 10. Amma wannan kaɗai bai isa ba, sai ka je layin `GRUB_TIMEOUT_STYLE` ka sauya `hidden` zuwa `menu`, in ba haka ba zai jira ne a ɓoye kana kallon baƙin allo.

Layin `GRUB_DEFAULT` yana faɗin wanda za a tayar idan ba ka zaɓi komai ba. Ƙidayar daga 0 take farawa, ba daga 1 ba. Idan Windows ce ta uku a jeri, lambarta 2. Ni dai na fi son in rubuta `GRUB_DEFAULT=saved`, in ƙara layi a ƙasa `GRUB_SAVEDEFAULT=true`. Da haka kwamfutar takan tuna abin da na zaɓa na ƙarshe, ko da jerin ya sauya.

Layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT` saƙo ne da ake miƙa wa kanel. Za ka tarar da `quiet splash` a ciki. Na farkon yana ce mata ta yi shiru, na biyun ya ce a rufe allo da tambari. Ga kwamfutar da ke ba da wahala, goge su duka biyun ya fi alheri, domin rubutun da ke gudu a allo shi ne zai faɗa maka inda ta tsaya.

Sai wanda ke da Windows a gefe amma ba ta fitowa a jeri. Tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021, an kashe binciken sauran manhajoji sai in an ce a yi. Ƙara wannan layi:

`GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false`

Ka adana da Ctrl da O, ka danna Enter, ka fita da Ctrl da X. Yanzu sai a sake tuƙi:

`sudo update-grub`

In ka manta wannan umarnin, babu abin da zai sauya, komai yawan abin da ka rubuta. A Fedora ba shi da wannan sunan, sai ka rubuta `sudo grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg`. Yayin da yake aiki ka karanta abin da yake fitarwa. Ya kamata ka ga ya ambaci kowace kanel da ya samu, da Windows in tana nan.

Foldar `/etc/grub.d` kuwa cike take da ƙananan umarnai masu lamba a gaban suna, kuma bisa lambar ake bin su: `10_linux` ke jero kanel, `30_os-prober` ke neman maƙwabta. Wanda aka bar maka ka rubuta naka zaɓin shi ne `40_custom`. Sauran ka bar su yadda ka gan su.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi duk abin da ke sama amfani. Idan jerin GRUB ya fito, ka danna harafin e a kan zaɓin Ubuntu. Zai buɗe maka umarnin a rubuce. Nemi layin da ya fara da `linux`, ka gyara ƙarshensa yadda kake so, ka danna F10 ko Ctrl da X. Gyaran na tashi ɗaya ne kawai, ba a adana shi. Misali, kwamfutar da ke tsayawa a baƙin allo saboda rikicin katin hoto, ƙara mata kalmar `nomodeset` a nan. In ta tashi, ka gano matsalar. In ba ta tashi ba, ba ka ɓata komai ba. Kada ka rubuta sabon abu a `/etc/default/grub` sai ka gwada shi ta wannan hanya. Bayan ta tashi, `cat /proc/cmdline` zai nuna maka ainihin saƙon da kanel ta karɓa.

Mataki na huɗu: kanel da guzurinta

A foldar `/boot` za ka ga fayiloli biyu-biyu: `vmlinuz` da lamba, da `initrd.img` da irin lambar. Na farkon kanel ce. Na biyun guzuri ne, ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi mai ɗauke da abubuwan da kanel take buƙata kafin ta iya buɗe ainihin faifan. In ya lalace, ana sabunta shi da `sudo update-initramfs -u`, a Fedora kuma da `dracut`.

Idan sabuwar kanel ce ta zo da rigima, ba sai ka gyara komai ba. A jerin GRUB shiga zaɓi na biyu, wanda ke ɗauke da tsofaffin kanel, ka tashi da ta baya.

Ga wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta babu sallama, kuma batirin laftof ɗinsa ya riga ya mutu, akwai allon da zai saba gani: baƙi, da kalmar `(initramfs)` tana jira, a samanta an ce a gudanar da fsck, umarnin duba faifai da gyara shi, da hannu. Wutar ta yanke ne ana tsakiyar rubutu a faifai. Saƙon yakan ambaci sunan yankin da abin ya shafa. In ya ce `/dev/sda2`, rubuta:

`fsck -y /dev/sda2`

Ka bar shi ya gama, sannan ka rubuta `reboot`. Amma in abin ya zama na kullum ko da wuta ba ta ɗauke ba, faifan ne ke bankwana, ka kwashe kayanka tun da wuri.

Mataki na biyar: fstab, ƙaramin fayil mai babban tasiri

Wannan shi ne ya ci min rubuce-rubucena. `/etc/fstab` jerin faifai ne da inda za a jingina kowanne. Kowane layi yana da gurbi shida: wane faifai, a wace folda, wane irin tsari, da waɗanne sharuɗɗa, sai lambobi biyu. Ta ƙarshen ita ce ta binciken lafiya: 1 ga yankin da Linux take, 2 ga sauran, 0 in ba a so a duba.

Kada ka kira faifai da suna irin `/dev/sdb1` a nan. Waɗannan sunayen na wanda ya riga zuwa ne. Ka soka filashi kafin ka kunna, sdb ta iya komawa sdc. Yi amfani da UUID, doguwar lambar da ba ta sauyawa, wadda `sudo blkid` zai nuna maka. Layin ƙarin faifai zai yi kama da haka:

`UUID=lambarka /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail 0 2`

Kalmar `nofail` ce maganar. Babu ita, duk faifan da aka rubuta a fstab ana ɗaukarsa wajibi. Ranar da ka cire shi ko ya mutu, kwamfutar za ta tsaya tana ƙirga daƙiƙa 90 tana jiransa, sannan ta jefa ka yanayin gaggawa, allo baƙi. Da `nofail` kuwa, in ba ta gan shi ba sai ta wuce abinta. Duk faifan da ba shi ne gidan Linux ba, ka sa masa.

Bayan ka gyara, kada ka yi saurin kashewa. Gwada tukuna:

`sudo findmnt --verify`

`sudo mount -a`

In na biyun ya koma shiru ba ƙorafi, ka tsira. In kuwa ka riga ka faɗa yanayin gaggawa, danna Enter ko ka sa kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko, in ya nema, sannan ka buɗe faifan don rubutu da `mount -o remount,rw /`, ka shiga fstab da nano, ka sa alamar # a farkon layin da kake zargi, ka adana, ka sake kunnawa. In ya hana ka shiga gaba ɗaya, lokacin filashin nan ya yi.

Mataki na shida: systemd

Da kanel ta samu gindin zama, sai ta tayar da manhaja ɗaya mai lamba 1, ita kuma ta tayar da duk sauran. Yanzu systemd ce, a da kuwa `init` ce, tana karanta `/etc/inittab`. In ka ci karo da tsohon bayani da ke aika ka wannan fayil, ka wuce shi, domin Debian da Ubuntu sun koma systemd tun 2015.

`systemctl get-default` zai faɗa maka inda ake dosa. `graphical.target` shi ne allo mai hotuna, `multi-user.target` kuma rubutu zalla, wanda ya dace da sabar da ba a zama gabanta. Ana sauyawa da `sudo systemctl set-default` da sunan wanda ake so. Fayilolin da suka zo da manhajoji suna `/usr/lib/systemd/system`, naka kuma suna `/etc/systemd/system`, kuma naka ne ke rinjaye.

In kukanka jinkiri ne, `systemd-analyze blame` zai jero kowane aiki da lokacin da ya ci. Sai dai kada ka hau kashe duk wanda ke sama, domin da yawa a tare suke gudu, ba su ne ke tsare hanya ba. `systemd-analyze critical-chain` ya fi nuna wanda ake jira da gaske. Don ganin abin da ya faru a tashin da ya gabata, wanda ya lalace, rubuta `journalctl -b -1 -p err`.

Idan GRUB ya ɓace gaba ɗaya

Ka duba jeri da efibootmgr babu Ubuntu, ko kuma allo yana nuna `grub rescue>`. Tashi da filashi, kuma ka tabbatar ka tashi da shi a salon da aka girka kwamfutar, UEFI ga UEFI. Da `lsblk -f` gano yankin Linux da ɗan yankin FAT32. Mu ɗauka sda2 da sda1 ne:

`sudo mount /dev/sda2 /mnt`

`sudo mount /dev/sda1 /mnt/boot/efi`

`for i in dev proc sys run; do sudo mount --rbind /$i /mnt/$i; done`

`sudo chroot /mnt`

Mai BIOS ya tsallake layi na biyu. Yanzu kana cikin Ubuntun da ke faifai, kamar ita ce ta tashi. Rubuta `grub-install /dev/sda`, ka lura babu lamba a ƙarshe, domin faifan ne gaba ɗaya ba yanki ba. Bi shi da `update-grub`, sannan `exit`, ka cire filashi ka sake kunnawa. A sababbin kwamfutoci sunan faifan yakan zama `nvme0n1`, yankunansa kuma `nvme0n1p1` da `nvme0n1p2`.

Ɓangaren Windows

Waɗanda suka yi zamanin XP za su tuna `boot.ini`, rubutu ne da ake buɗewa da Notepad. Daga Vista aka maye gurbinsa da BCD, wanda ba ya karantuwa da ido. A kwamfutar UEFI yana cikin `EFI\Microsoft\Boot`. Ana leƙa shi da `bcdedit` a tagar umarni ta mai cikakken iko, kuma kafin ka sauya komai ka ajiye kwafi da `bcdedit /export C:\bcd-tsoho`. Lokacin jira ana sauya shi da `bcdedit /timeout 10`, ko ta `msconfig` ga wanda ba ya son rubuta umarni. In BCD ta lalace, tashi da filashin Windows, shiga ɓangaren gyara, buɗe tagar umarni ka rubuta `bcdboot C:\Windows`. Ka dai fara dubawa da `dir`, domin a can harafin faifan yakan koma D ko E.

Abu biyu ne ke damun mai haɗa Windows da Linux a inji ɗaya. Tun daga Windows 8 akwai saitin saurin tashi, wanda ke sa kashewa ta zama rabin barci. Faifan Windows yakan kasance a kulle, Linux ta ƙi yin rubutu a cikinsa. Kashe saitin a wurin zaɓuɓɓukan wuta, ko ka rubuta `powercfg /h off`, wanda ke kashe shi tare da dogon barcin kwamfuta baki ɗaya.

Na biyun agogo ne. Linux tana ɗaukar agogon inji a matsayin lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gari. A Najeriya da Nijar tazarar awa ɗaya ce, shi ya sa in ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda. A Ubuntu rubuta `timedatectl set-local-rtc 1`. Zai yi maka gargaɗi game da ƙasashen da ke sauya agogo rani da hunturu, mu kuwa ba ma sauyawa. Sai ka shiga Windows ka daidaita agogon sau ɗaya.